Gyauron rake a gonar da za a dasa rogo

Wani manomi daga yankin Maƙarfi ya aiko da tambaya: "Na sare rakena, bana rogo nake so in sa a wurin. In na banka wa gonar wuta, ya wadatar?"

Malam, bai wadatar ba. Wuta ganye kawai take ci, matsalar kuwa tana cikin ƙasa. Kututturen rake yana da idanu a binne, da ya sha ruwan fari sai ka ga gyauro ya tofo kore shar. Rogo kuma a watanni uku zuwa huɗu na farko tafiyar hawainiya yake yi, ba ya jure kishiya. In rake ya yi masa inuwa a lokacin, saiwar ba za ta yi kauri ba.

Saboda haka tun da rani ka shiga da diga ko garma, ka tumɓuke kututturen ɗaya bayan ɗaya, ka kifar da su saiwa ta kalli sama. Ranar Maris da Afrilu za ta ƙarasa maka aikin. Aiki ne mai cin ƙugu, na sani, amma sau ɗaya ake yin sa. In sun bushe, ka kwashe su gefe ka ƙone a can, tokar ka watsa a gona, don toka tana ɗauke da sinadarin fotash, rake da rogo kuwa duka masu cin sa ne. Kada ka bar busasshen kututture a cikin kunya. Gara yake kira, ita kuma in ta gama da shi, kan itacen rogon da ka dasa za ta koma, ta rarake shi ta ciki kana zaton bai tsiro ba ne. Ganyen kuwa ina jin takaicin ganin ana ƙone shi. A shimfiɗa shi a kwarin kunya ya riƙe laima, ya ruɓe ya zama taki.

In gonar tana da faɗi, maganin kashe ciyawa da aka rubuta glyphosate a jikin robarsa yana taimakawa, amma ta ɗanyen ganye yake shiga. Fesa shi a kan sararren kututture asarar kuɗi ce. Bari gyauron ya kai gwiwa, ka fesa, ka jira mako biyu zuwa uku kafin huɗa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, ya kuma fi damuna: rake ɗan fadama ne, rogo kuwa in ruwa ya kwanta masa ruɓewa yake yi. Tuna inda ruwa ke tsayawa a Agusta, ka bar wa shinkafa wurin. A sauran ka ja kunya mai tsayi, ka yanka itacen rogo tsawon santimita 20 zuwa 25, ka dasa a karkace idanu na kallon sama, mita ɗaya tsakanin kowane biyu. Gyauron da ya tsira, ka cire shi da saiwarsa a noman fari.