Amsa: An ce jininka 150/95 amma ba ka jin ciwon komai

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai abin damuwa tunda ka haura shekara 45, an auna ka an sami 150/95, alhali lafiyarka lau kake ji. Akwai, kuma kada ka yi sakaci. Hawan jini yakan daɗe bai nuna alama ba, yana nan yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ƙoda da zuciya, sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Lamba ta sama ƙarfin jini ce lokacin da zuciya ta buga, ta ƙasa kuwa lokacin da take hutawa tsakanin bugu da bugu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 140/90 ko fiye, a awo na ranaku biyu daban, a matsayin hawan jini.

Don haka a sake awon. Ka zauna minti biyar tukuna, ka jingina baya, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ban da magana. Ka rubuta lambobin ka kai wa likita. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana. In an ɗora ka kan magani, don Allah kada ka daina sha don kawai lambar ta sauka.