Tambayi Likita: Me ake nufi da "zauna a bakin titi ka kalli tunaninka"?

Assalamu alaikum Likita. Yawan tunani na hana ni barci. Wani likitan ƙwaƙwalwa ya ce in ɗauki kaina kamar mai zaune a bakin titi, tunanina kuma su ne motocin da ke wucewa. Mako biyu ina gwadawa, motocin sun ƙi tsayawa, sai ma ƙaruwa suke. Ko ni ce ban iya ba? Daga wata malama a Zariya.

Wa'alaikumus salam Malama. Ba ki kasa ba, misalin ne ba a warware miki shi ba. Mai zama a bakin titi ba ɗan sanda ba ne, ba a ɗora masa tsayar da mota ba. Abin da ake so kawai ya san mota ta zo, ya gane irinta: wannan tirela ce, wannan adaidaita sahu. Abin da ke wahalar da mu shi ne shiga motar. Tunanin kuɗin makarantar yara ya zo, kafin ki ankara ya ɗauke ki ya kai ki shekara goma gaba, kina ganin yaran a gida ba karatu, gabanki na faɗuwa, alhali kina kwance a ɗakinki. Lokacin da kika farga kika ce a ranki "af, tunanin kuɗi ne ya tafi da ni", to kin sauko kin dawo bakin titi. Wannan fargawar ita ce aikin gaba ɗaya, ko da sau talatin za ki yi ta a dare ɗaya.

Ƙoƙarin tsayar da tunani kuwa ƙara masa ƙarfi yake. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya ce wa mutane kada su tuna farin beyar (wata babbar dabbar daji) na minti 5, su kaɗa ƙararrawa duk sanda ya faɗo musu. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Ƙaruwar da kike gani ma tana da dalili: duk wanda ya fara ƙirga motoci sai ya ga titin ya fi cika, alhali da ma haka yake.

Likita, idan ni ne ke kallon tunanina, to wa ke yin tunanin? Abin ya fara ba ni tsoro, kada a ce mu biyu ne a jiki ɗaya. Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Kwantar da hankalinka ɗana, kai ɗaya ne. Nan ne misalin ya gaza, domin mota da mai kallonta abu biyu ne, amma tunani da sanin cewa kana tunani duk aikin ƙwaƙwalwa ɗaya ne. Ka sha yin haka: kana bitar darasi, ka kai ƙarshen shafi, sai ka lura ba ka riƙe komai ba, hankalinka yana wajen ƙwallo. Wanda ya tafi da wanda ya lura duk kai ne. Wannan lurar ma tana da amfani: a 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles sun nuna da hoton ƙwaƙwalwa cewa kiran yanayi da sunansa, kamar "fushi" ko "tsoro", yana rage motsin sashen da ke tayar da fargaba.

Abin da zai sa in ce ka zo asibiti daban ne: jin murya daga waje alhali ba kowa, ko yarda cewa wani ne ke cusa maka tunani a kai, ko ka yi kwanaki kana jin kamar jikinka ba naka ba.

Likita, munanan tunani kan faɗo mini a cikin salla, har in sake alwala sau bakwai ko takwas. Kallon tunanin ba yarda da shi ba ne? Daga wata uwa a Kano.

Hajiya, wannan tambayar ta taɓa ni, domin masu irin wannan wahalar sukan ɓoye ta shekaru saboda kunya. Ganin mota ba hawanta ba ne. Tsananin ƙin da kike wa tunanin ma shaida ce cewa ba ra'ayinki ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah ya yafe wa al'umma abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ko furta ba. Malamanki za su ƙara miki bayani.

Ta fuskar likitanci, idan waswasi ya kai ga maimaita abu har yana cin sa'a guda ko fiye a yini, cuta ce sananniya mai magani. Sake alwalar na ba ki sauƙi na ɗan lokaci, sannan ya koya wa ƙwaƙwalwa ta sake kawo shakkar. Ana koyar da mutum ya bar tunanin ya wuce ba tare da ya maimaita ba, sannu a hankali, wani lokaci a haɗa da magani irin su fluoxetine. Ki je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko sashen da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Zan iya barin maganin ciwon damuwa in koma wannan hanyar? Daga wani magidanci a Kaduna.

A'a Malam, kada ka bari da kanka. Tsarin da masana halayyar ɗan Adam uku, Segal da Williams da Teasdale, suka gina a kan wannan dabara horo ne na mako 8, kuma ya fi amfani wajen hana ciwon dawowa ga wanda ya yi fama da shi sau uku ko fiye, bayan ya samu sauƙi. Yanke magani farat ɗaya na kawo jiri da rashin barci, ciwon kuma na iya dawowa. Ka kai maganar ga likitan da ya rubuta maka. Idan kuma tunanin kashe kai ya zo maka, wannan ba motar zama a kalla ba ce: ka faɗa wa na kusa da kai, ku je asibiti a ranar.