Hukuncin wanda bai sauka ceton abokin aikinsa a ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni lebura ne a wani kamfani da ke haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa a ɗaya daga cikin ƙasashen Larabawa. Wani abokin aikina, ɗan garinmu, ya sauka wata rijiya mai zurfi da ake zuƙe ruwa a cikinta, sai muka hango shi ya yanke jiki ya faɗi. Na kama tsani zan bi shi, na'urar auna iska da ke maƙale a ƙirjina ta fara ƙara, jami'in kula da lafiyar ma'aikata ya riƙe ni, ya ce babu mai sauka sai da tukunyar iskar numfashi. Kafin masu ceto su fito da shi rai ya yi halinsa. Wani mai karatu a masaukinmu ya ce a mazhabar Malikiyya diyya da kaffara sun hau kaina. Kuma fankar da ke tura iska cikin rijiyar ta lalace tun kafin ranar, mun faɗa ba a gyara ba, yanzu shugaban aikinmu yana so mu ce tana aiki idan masu bincike sun zo. Mene ne a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ji ƙan ɗan'uwanka, ya ba ku haƙuri. Ceton wanda ke bakin halaka wajibi ne a kan mai iko, babu saɓani a kan wannan. Sai dai ɗan'uwa, abin da hukuncinka ya rataya a kai shi ne ƙarar na'urar nan da kuma rashin tukunyar iska a hannunka, domin da waɗannan biyu ka fita daga cikin masu iko. Babu zunubi a kanka, babu diyya, babu azumin wata biyu.

Wanda ya gaya maka akasin haka ya ji wani abu a littafi, amma bai ji shi duka ba. Gaskiya ne Shehu Halil ya faɗa a Muhtasar cewa wanda ya bar kuɓutar da rai ko dukiya mai shirin halaka zai yi lamuni, wato biya ya hau kansa, kuma Malikiyya sun fi sauran mazhabobi tsanantawa a nan, tunda Hanafiyya da Shafi'iyya zunubi suke ɗora wa mai bari, ba biya ba. Amma masu sharhin wannan magana sun ɗaure ta da iko, wato mutum ya zama zai iya kuɓutarwar, ba tare da ya halaka kansa ba. Misalan da aka kawo a wurin su ne mai hana rarar abinci ko ruwa ga wanda yunwa za ta kashe, da mai hana zaren da za a ɗinke rauni, mutanen da abin ceto yana hannunsu suka ƙi bayarwa. Kai kuwa me ke hannunka ka hana? Wanda bai iya iyo ba, babu malamin da ya wajabta masa faɗawa kogi don ya ga wani yana nutsewa.

Idan mai karatun nan ya ce ai da ka toshe hanci ka yi sauri, to bai san rami ba. Iskar da muke shaƙa tana da iskar oksijin kusan kashi 21 cikin 100, kuma masu wannan sana'a suna ɗaukar wuri da haɗari da zarar ta gaza 19.5. Akwai kuma iska mai guba da ke taruwa a inda ruwa ya kwanta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iskar gari nauyi don haka take kwanciya a ƙasan rijiya, idan ta yi yawa kuma takan kashe jin wari, mutum ya zaci ta wuce, ya faɗi kafin ya juya. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗi a 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan ƙuntatattun wurare masu ƙoƙarin ceto ne. Ko ƙwararru ma suna da iyaka: lokacin da ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya rufta a Singafo cikin Afrilun 2004, mutum huɗu suka mutu, aka dakatar da neman na ƙarshensu saboda ƙasar ba ta daina motsi ba, har yau ba a ciro gawarsa ba. Da ka sauka, abin da ya fi rinjaye shi ne a fito da gawa biyu, shari'a kuwa da galibin zato take aiki. Jami'in da ya riƙe ka ya yi daidai, ka cire ƙullinsa daga zuciyarka.

Inda nake jin tsoro a kanka shi ne maganar da ka ajiye a ƙarshe kamar ba ita ce babba ba. Jumlar nan ta Halil da aka tsorata ka da ita ta ambaci kuɓutarwa da hannu, ta kuma ambaci kuɓutarwa da shaida. Na farko ba ka da ikonsa, na biyu kuwa yana bakinka. Idan ka ce fanka tana aiki alhali ka san a kashe take, ka yi shaidar zur, idan kuma haƙƙin magadansa ya salwanta ta dalilin haka, a nan ne maganar lamuni za ta iya hawa kanka da gaske. Tsoron kora daga aiki ko mayar da kai gida abu ne mai nauyi, ban raina shi ba, amma bai kai tilascin da zai halatta maka cinye haƙƙin marayu da ƙarya ba. Ka faɗi abin da idonka ya gani, ranar da fankar ta tsaya da wanda kuka gaya wa, kada ka ƙara ko kalma ɗaya don huce haushi. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba, ka nemi a fassara maka. Idan an yi maka barazana, ka kai ƙara ofishin ƙwadago na ƙasar ko ofishin jakadancinku. Ɗora laifi a kan wanda ya tura shi rijiyar aikin alƙali ne, naka shaida ce kawai.

Abin da kotu ko kamfani za su biya halal ne ga iyalinsa. Idan diyya ce, ana raba ta kamar gado, matarsa tana da rabonta, kuma ka ja kunnen mutanen gida kada a taɓa kason yara da sunan sadakar uku ko ta arba'in.

Kai kuma da sauran abokan aikinka, kada wani ya sake sauka rami alhali fanka a kashe, ko ba igiya a jikinsa, ko ba mai tsaro a bakin ramin, ko da an ce za a yanke masa kuɗin yini, domin kiyaye waɗannan ƙa'idoji wajibi ne na addini a kanku. Idan abin da ka gani yana hana ka barci, ka faɗa wa likita, babu raunin imani a cikin haka. Wallahu a'alam.