Amsa ga 'yata a kan abin wuya mai ƙamshi

'Yata, saƙonki ya iso ni, inda kike tambaya ko sanya ƙamshi a cikin abin wuya da awarwaro, kamar yadda kika fara yi a sana'arki, tsohuwar al'ada ce ko kuwa yayi ne. Al'adar ta girme ni, ta girmi kakata. A Turai, shekaru 500 da suka wuce, masu hali sukan rataya 'yar ƙwallon azurfa mai huje-huje da aka cusa wa almiski da ambar, domin sun ɗauka wari ne ke kawo annoba. A garin Giras na Faransa kuwa, safar hannu ta fata aka fara turarawa don a kashe warin jima, daga nan garin ya zama cibiyar turare.

Dalilin daɗewarta yana cikin halittarmu. Saƙon hanci yana isa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tuna baya da motsin zuciya ta gajeriyar hanya, ba ya yada zango inda saƙon ido da na kunne suke yadawa, kuma binciken yadda hanci ke tantance ƙamshi ne ya ba Linda Buck da Richard Axel kyautar Nobel a 2004. Ni dai ban jira masana sun gaya mini ba. Shekara guda bayan rasuwar kakarki na buɗe akwatinta, ina ɗaga gyalenta sai ƙamshin sandal ya buge ni, na zauna a bakin gado na kasa tashi, alhali hotonta yana bango kullum ina ganinsa, bai taɓa yi mini haka ba. Har yau idan raina ya ɓaci, gyalen nake ɗaukowa.

Saboda haka ki lura da abin da za ki ɗiga wa turaren. Itace da fata da ulu suna shan ƙamshi su riƙe shi, ƙarfe ba ya sha, lu'ulu'u kuwa turare yana dusashe masa ƙyalli. Kada ki cika hannu, domin hancin wadda ta sanya yakan saba cikin 'yan mintoci ya daina ji, sai ta yi ta ƙarawa har ta takura wa na kusa da ita. Kuma ki tambayi mai saye kafin ki zaɓa mata, tunda sandal ɗin da ke kwantar mini da hankali yana iya tuna wa wata ranar da take neman mantawa.