Amsa ga ɗan'uwan da aikinsa ke mutuwa in SSH ta yanke

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi da na ga tambayarka, cewa duk sanda netwok ya yanke sai aikin da ka kunna a saba (kwamfutar nesa da kake shiga ta hanyar SSH) ya mutu, sai da gabana ya faɗi, don ni ma na sha wannan.

Wani dare ina kwashe rumbun bayanan wurin aikinmu zuwa sabuwar saba. Awa 4 ina zaune, sai aka ɗauke wuta. Kafin in tayar da janareta SSH ta yanke, aikin ya tsaya a tsakiya, rabin bayanan sun wuce, rabi ba su wuce ba. Da safe ogana ya tsaya gaban kowa yana ta faɗa, har yana cewa bai san abin da aka koya mini ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, daga baya na gane shi kansa da tmux, manhajar da ke riƙe aiki a saba ko layi ya yanke, yake aiki kullum. Wata 6 muna ofis ɗaya, bai taɓa buɗe baki ya nuna mini ba. Na yafe masa, amma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

To, ka sa tmux a kan sabar, ba a kwamfutarka ba, nan da yawa suke kuskure. Da ka shiga, buga tmux new -s aiki, sannan ka kunna abinka a ciki. Ko layi ya yanke, SIGHUP, saƙon da ke kashe aiki in layi ya yanke, ba zai kai ga aikin ba, don tmux ne ke riƙe da shi. In ka dawo, tmux attach -t aiki, za ka tarar da shi yana tafiya. In kai ne za ka tashi, danna Ctrl-b sannan d, sai ka fita ka bar aikin yana tafiya.

Kuma don Allah ka ajiye kwafi kafin ka taɓa bayanan mutane. Ni a daren nan kwafin da ke hannuna na sati 2 baya ne, da hannu muka cike sauran, kwana 3 ban yi barcin kirki ba.

Wasu za su ce maka ka yi amfani da screen, wata manhaja irin tmux. Shi ma yana yi, tun 1987 yake, can Ctrl-a ne a madadin Ctrl-b, da screen -r in za ka koma. Ni dai tmux na riƙe saboda Ctrl-b % na raba mini allo biyu. Amma ka sani, in aka kashe sabar kanta aka kunna, duk zaman ya tafi.

Wane Linux ne a sabar taka? In Ubuntu ne, sudo apt install tmux ya wadatar.