Hannuna yana mutuwa da dare, kafaɗa kuma ta ƙi ɗaguwa: sanyi ne ko shanyewar jiki?

Tambaya:

Assalamu alaikum likita. Shekaruna 47, ina zaune a Funtuwa, sana'ata kitso da ɗinkin hannu. Kusan wata takwas ke nan hannuna na dama yana tashina cikin dare, ya mutu, ya yi ta mijirya, sai na tashi zaune na yi ta yarfa shi kafin ya dawo daidai. Yanzu har allura tana suɓuce mini, wani lokaci zafin ya hau har gwiwar hannu. Wata uku da suka wuce kafaɗar ɓangaren ita ma ta kama, ba na iya ɗaura ɗankwali ko kai hannu baya in zuge zif. Ina da ciwon suga shekara shida. An ce mini sanyi ne, na sha haɗin kemis, an yi mini ƙaho, sai ya lafa ya dawo. Wata maƙwabciyata ta ce haka shanyewar ɓarin jiki take farawa. Don Allah mene ne wannan, kuma ina mafita?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara sauke miki fargabar da maƙwabciyarki ta ɗora miki. Shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama wata takwas tana jira a bakin ƙofa. Farat ɗaya take zuwa: hannu ya saki, sau da yawa tare da ƙafar ɓangaren, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Kuma yarfa hannu ba ya dawo da shi. Abin da kika bayyana bai yi kama da ita ba.

Ban duba ki ba, don haka abin da zan faɗa hasashe ne da ke jiran tabbaci a asibiti. Amma labarinki ya fi kama da matsala biyu daban, ɗaya a wuyan hannu, ɗaya a kafaɗa, ba ciwo ɗaya da ke hawa daga yatsu yana neman wuya ba. Abin da ya haɗa su, a nawa ganin, shi ne sugan nan.

Mu fara da hannun, domin shi ne ba ya son jinkiri. A wuyan hannu, ta ɓangaren tafi, akwai wata 'yar matsattsiyar hanya. Ƙasanta da gefunanta ƙananan ƙasusuwa ne, samanta kuma wani tsauri ne mai kauri da ya rufe ta, ba ya miƙewa. Abubuwa goma ne ke bi ta cikinta: igiyoyin tsoka tara masu lanƙwasa yatsu, da jijiya guda ɗaya mai kai saƙon ji. Kamar a cusa fasinja goma a bayan mota ne, tara ƙarti, ɗaya ramamme; da zarar wuri ya ƙara matsewa, ramammen ne zai fara kuka. Idan rigar igiyoyin nan ta yi kauri ko ta kumbura, jijiyar ce take matsuwa, jini ya ragu a cikinta, sai mijirya da mutuwar yatsu. Mata sun fi maza kamuwa, kusan ninki uku, musamman a tsakiyar shekaru. Ciwon suga, ƙiba, juna biyu, raguwar aikin ƙullin maƙogwaro da tsohuwar karaya a wuyan hannu duk suna jawo ta. Aikin da ake yini ana damƙa da matsa yatsu, irin kitso, yana tsananta ta.

Dalilin da ya sa ta fi tashi da dare kuwa, yawancinmu idan barci ya ɗauke mu sai wuyan hannu ya lanƙwashe, wasu ma su tura shi ƙarƙashin matashi. Lanƙwashewar tana ƙara matse hanyar. Da kin tashi kin yarfa, sai jini ya koma.

Ga aikin da zan ba ki yau da dare. Idan ya tashe ki, kafin ki yarfa, ki tsaya ki lura da yatsun da suka mutu, ki taɓa su ɗaya bayan ɗaya da ɗayan hannun. Wannan jijiya babban yatsa take ciyarwa, da manuni, da na tsakiya, da rabin wanda ake sa wa zobe. Ƙaramin yatsa ba nata ba ne. Idan ƙaramin yana nan garau alhali sauran sun mutu, to hasashena ya yi ƙarfi sosai. Idan kuwa ƙaramin ne da na kusa da shi suke mutuwa, magana ta koma gwiwar hannu, inda wata jijiyar daban take bi ta bayan ƙashin da ke ɓangaren ciki, wurin nan da idan kika buge shi a jikin ƙofa za ki ji kamar lantarki ya ja ki har yatsa. Masu yawan jingina gwiwar hannu a tebur ko kwana da hannu a naɗe su ne ke fama da wannan. Idan kuma ciwon daga wuya yake saukowa, yana ƙaruwa in kin juya kai ko kin ɗaga shi sama, to a ƙashin wuya za a nemi matsalar. Kin ga ke nan inda ake jin zafi ba lallai nan cutar take ba. Zafin da ke hawa miki har gwiwar hannu ma, sau da yawa daga wuyan hannun yake tasowa.

Da rana kuma ki gwada wannan: ki haɗa bayan hannuwanki biyu a gaban ƙirji, yatsu suna kallon ƙasa, ki tsaya minti ɗaya. Idan mijiryar ta taso a yatsun nan, alama ce. Wani likitan tiyatar hannu a Amurka, George Phalen, shi ya yaɗa wannan gwaji a shekarun 1950, har yau kuma ana yin sa a ɗakin duba marasa lafiya. Sai dai abin da na fi so ki duba shi ne tudun tsokar da ke gindin babban yatsa. Ki shimfiɗa tafukan biyu gefe da gefe a wuri mai haske. Idan na dama ya faɗa, ya lotsa bai kai na hagu cika ba, ko kuma mutuwar yatsun ta daina tafiya har da rana, to jijiyar ta fara lalacewa, lokacin gwaje-gwajen gida ya wuce. Suɓucewar allurar nan da kika ambata ita ce ta sa nake so a duba ki a cikin makonnin nan.

A asibiti za a duba hannun da wuyan, a auna suga, har da gwajin nan mai nuna yadda sugan ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Hoton ƙashi ba ya nuna wannan matsala, don haka kada ki karaya idan aka ce hoto bai ga komai ba. Akwai gwajin da ake auna gudun saƙo a cikin jijiya da ɗan lantarki mara cutarwa, yana nuna inda aka matsu da kuma tsananin matsin, amma a manyan asibitoci ake samun sa. Ga mai suga yana da amfani, domin suga da kansa yana cin jijiyoyi. Shi dai nasa yakan fara ne daga tafin ƙafa biyu kafin ya iso hannu.

Magani mataki-mataki ne. Na farko takalmin hannu, wanda ake ɗaurawa da dare ya riƙe wuyan hannu a miƙe, ba sama ba ƙasa. A ba shi mako huɗu zuwa shida kafin a yanke masa hukunci. Bandeji mai matsewa ba madadinsa ba ne, ƙara matsi yake yi. A wurin kitso ki riƙa tsagaitawa, ki saki yatsu, ki rage yawan kawunan da kike yi a rana, ƙananan kitso kuma ki bar wa yaranki na ɗan lokaci. Mataki na biyu allurar rage kumburi ta sitiroyid a cikin hanyar. Tana aiki sosai, amma ga mutane da yawa sauƙin na watanni ne, kuma tana ɗaga suga na wasu kwanaki, don haka lallai mai yin ta ya san kina da suga. Na uku tiyata. Na san da jin kalmar gaban mutane yake faɗuwa, amma wannan ƙaramin aiki ne: a kashe wurin da allura, idonki biyu, a ɗan tsaga tafin hannu a yanke tsaurin da ya rufe hanyar, ki koma gida a ranar, a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Tashin dare yakan ɗauke da wuri. Ƙarfin damƙa shi ne ke ɗaukar makonni ko 'yan watanni kafin ya dawo. Wanda ya jira har tsokar ta zube, ko an yi masa aikin ba lallai ta cika kamar da ba. Shi ya sa ni ba na goyon bayan a yi ta maimaita allura ga wanda yatsunsa suka riga suka mutu dare da rana.

Sai kafaɗa. Gaɓar kafaɗa tana cikin wata jaka mai laushi da ke ba ta damar juyawa ko'ina. Wani lokaci jakar nan takan kumbura, ta yi kauri, ta tsuke, sai kafaɗa ta sandare. 'Yan shekara 40 zuwa 60 take kamawa, masu suga kuma sun fi kowa. Yadda za ki bambanta ta da ciwon igiyoyin kafaɗa: ki manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ki lanƙwasa ta kamar kin riƙe faranti, sai 'yarki ta kama hannun ta buɗe shi waje a hankali, ke kuma ki saki jiki. Idan ya tafi kaɗan ya tokare, alhali na hagu yana buɗewa sosai, sandarewa ce. A ciwon igiyoyi kuwa, ke ce ɗagawa take yi wa zafi, musamman a tsakiyar hanya, amma idan wani ya ɗaga miki hannun zai tafi.

Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce wannan ciwo ba ya gaggawa. Yakan fara da zafi mai hana kwanciya a ɓangaren, sannan zafin ya ragu taurin ya rage, sannan ya saki a hankali. Duka-duka shekara ɗaya zuwa uku, a masu suga yakan fi daɗewa, kuma yana iya waiwayar ɗaya kafaɗar daga baya. Amma yawanci yana saki. Yanzu da kike matakin zafi, allurar sitiroyid a cikin gaɓar tana taimakawa, tare da gashin ƙashi a wurin ƙwararru. A gida, bayan kin gasa wurin da tawul mai ɗumi, ki sunkuya ki dafa kujera da hannun hagu, ki saki na dama yana lilo. Ki fuskanci bango ki riƙa hawa da yatsu, ki sa alama da alli inda kika tsaya, mako mai zuwa ki nemi wuce ta. Ki riƙe muciya da hannu biyu, mai lafiyar ya tura mara lafiyar waje. A tsaya inda ya fara ja, kada a kai inda za a cije leɓe. Kuma don Allah kada a kai wannan kafaɗa wurin mai ɗori ya fizge ta. Ba gocewa ta yi ba, fizga tana iya yaga tsoka ko karya ƙashi.

Yanzu maganar haɗin kemis, wadda ta fi damuna a duk wasiƙarki. Sau da yawa a cikin ƙullin nan akwai maganin zafi iri biyu masu aiki ɗaya, kamar dikulofinak da aibufurofen, a ƙara da ƙwayar sitiroyid. Dole ki ji sauƙi kwana biyu. Amma na farkon suna cin ciki su jawo olsa, suna taɓa ƙoda, ƙodar mai suga kuwa dama a kan siraɗi take. Sitiroyid na sha kuma yana hargitsa suga, ya ɗaga hawan jini, ya kumbura fuska, ya rage ƙarfin ƙashi. Idan kin yi makonni kina shan sa kullum, kada ki yanke shi rana ɗaya. Ki ɗauki ragowar ƙullin ki kai wa likita ya ga abin da ke ciki, ya janye miki a hankali. Kafin nan farasitamol ya ishe ki rage zafin kafaɗa. Ƙaho kuwa ba ya isa inda jijiyar ta matsu, ga shi ciwo a jikin mai suga ba ya saurin warkewa.

Tunda wasu masu irin wannan kuka za su karanta, bari in taɓa biyu a gurguje. Zafi a ƙashin gwiwar hannu ta waje, wanda ke tashi in an matse wanki ko an ɗaga buta cike da ruwa, gajiyar igiyar tsoka ce. Mafi yawa suna warkewa cikin shekara da rage aikin da motsa jiki. Allurar sitiroyid a nan tana ruɗi: wani bincike da aka buga a 2013 daga Ostireliya ya nuna waɗanda aka yi wa ita sun ji daɗi da farko, amma bayan shekara guda waɗanda ba a yi wa ba sun fi su warkewa. Mai jego kuma da gefen wuyan hannunta ta wajen babban yatsa ke zafi in ta ɗauki jariri, kumburin igiyoyin babban yatsa ne, takalmin da ya haɗa da yatsan yakan wadatar.

Akwai kuma waɗanda ba nasu ba ne jira. Ciwon kafaɗa ko hannun hagu da ya zo da nauyin ƙirji, gumi ko sarƙewar numfashi, zuciya ake tuhuma, kuma a masu suga yakan zo ba tare da zafin ƙirji sosai ba. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi rau tare da zazzaɓi, asibiti a ranar. Mai sikila da kafaɗa ta daɗe tana ciwo ya nemi hoto, domin kan ƙashin yana iya mutuwa saboda ƙarancin jini. Wanda yatsunsa suka mutu kuma yana da wani tabo mai haske a fata da ba ya jin taɓi, a duba kuturta. Tana warkewa, maganinta kuma kyauta ne.

Ke kuwa Hajiya, ki fara da babban asibitin da kike karɓar maganin suga, ki nemi a tura ki sashen ƙashi. Daga Funtuwa, asibitin koyarwa na Shika a Zariya bai yi miki nisa ba, akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ki tafi da katin sugarki da duk magungunan da kike sha, ki kuma rubuta yatsun da suke mutuwa, da ko suna farfaɗowa da rana ko a'a, domin abin da za a fara tambayarki ke nan.