Ƙanin mijina ya ce shi ne nes-of-kin, wai kuɗin nasa ne

Tambaya: Salam Malam. Maigidana ya rasu, ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Zariya, ya bar mu mata biyu da yara. Ina cikin takaba ƙaninsa ya zo ya kwashe takardu wai sunansa ne a nes-of-kin, don haka kuɗin fansho nasa ne. Da gaske ba mu da komai? Daga Tudun Wada.

Amsa: Allah ya jiƙansa ya ba ku haƙuri, 'yar'uwa. Kuna da haƙƙi, ki kwantar da hankalinki.

Wallahi wannan maganar ta ishe ni, kullum sai an kawo min ita. Nes-of-kin ba magaji ba ne! Mutum ne kawai da za a nema in wani abu ya faru, kuma yawanci tun ma'aikaci yana saurayi ya cike fom ɗin ranar kama aiki, ya sa ƙaninsa, ya yi aure ya hayayyafa bai koma ya canza ba, sai ka ga ƙato ya zo da fotokofi a leda yana ta da jijiyar wuya a gaban marayu. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfanin fansho ba zai saki kuɗin asusun mamaci ba sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiya daga Babbar Kotu, kuma sai hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta amince. Ko sunan ƙanin ne ya fito a takardar kotun, amana aka ba shi, kuɗin gado ne. Ke da abokiyar zamanki za ku raba tumuni tunda akwai 'ya'ya, in akwai ɗa namiji kuwa ƙanin ko sisi ba shi da shi.

Akwai kuma inshorar rai, aƙalla ninki 3 na albashinsa na shekara, ita fom ɗinta daban, a bincika a ofishinsu sunan wa ya sa. In a bakin aiki ya rasu a tambayi diyyar NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikata.

Masu cewa kawo na goro a tura fayil ya yi sauri, kar ki ba su ko kwabo. Ki sa yayanki ya karɓo shaidar mutuwa daga hukumar ƙidaya, ya haɗa da takardar aurenku da na haihuwar yara, ya rubuta wa kamfanin fanshon cewa akwai mata biyu da yara, kamfanin ya buga masa hatimi a kwafin wasiƙar kafin ƙanin ya riga ku zuwa kotu.